Kafin a Sayi Tsuntsu: Darasi daga Tarihin Ƙasar Kabi

Na daɗe ina nazarin dangantakar mutanen kwarin Rima da tsuntsaye, kuma abin da na fahimta shi ne, kakanninmu sun zauna da tsuntsu ta hanyoyi uku: maƙwabtaka, farauta da kiwo. Duk mai shirin sayen tsuntsu a Birnin Kebbi ko Argungu zai amfana idan ya san wace hanya ce ta dace da wane tsuntsu.

Tun zamanin da Kanta ya kafa daular Kabi a ƙarni na 16, fadama ce ginshiƙin rayuwar Kabawa, kuma inda ruwa da shinkafa suke, nan tsuntsu yake. Shamuwa takan iso gabanin damina, ta yi sheƙa a tsakiyar gari, ba mai jifanta, domin albishir ce ga manomi. Balbela tana bin shanu ba tare da igiya ba. Jan baki kuwa abokin gaba ne, yakan sauka dubu-dubu ya washe gona. Ko bikin kamun kifi na Argungu, wanda ya samo siffarsa ta yanzu a 1934 lokacin ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu, ya ƙunshi gasar kama agwagwar ruwa da hannu. Ba ɗaya daga cikin waɗannan da aka sani da zaman keji.

Kiwo kuwa ya rabu gida biyu. Talaka yana da tattabara, wadda ke fita ta yi kiwo ta komo ɗakinta da kanta, da kanari mai daɗin kuka. Masu mulki da attajirai suka riƙi jimina da ɗawisu da gauraka a matsayin alamar isa. Amma sha'awar ɗan Adam tana da tsada ga tsuntsu. Gashin jimina ya bi ayarin fatake ta Sahara har Tarabulus, kafin kasuwarsa ta duniya ta rushe a 1914. Gauraka, wadda a da ke yawo a fadamun Arewa, yau ta kusa ƙarewa a Nijeriya saboda kamu da lalacewar matsuguninta.

Daga nan nake ciro tambaya ta farko da ya kamata mai saye ya yi: daga ina tsuntsun ya fito? Aku ɗan kurmi ne, ba ɗan ƙasarmu ba. Nijeriya ta kafa dokar kare dabbobin da ke fuskantar ƙarewa a 1985, sannan a 2016 ƙasashen yarjejeniyar CITES suka haramta cinikin akun da aka kamo daga daji tsakanin ƙasa da ƙasa. Kuɗin mai saye ne ke tura mai tarko daji, don haka wanda aka ƙyanƙyashe a gida ya fi dacewa.

Tambaya ta biyu ita ce lafiya. A watan Fabrairun 2006 aka tabbatar da ɓullar murar tsuntsaye a Jihar Kaduna, kuma manoma da dama suka yi asarar kaji. Darasin a fili yake: a duba idon tsuntsu da hancinsa da kashinsa, a guji mai gashi a hargitse ko mai yawan gyangyaɗi, a ware sabon zuwa daga kaji da zabin gida na makonni, a kuma nemi shawarar likitan dabbobi.

Ta uku ita ce iko. Zafin Afrilu a Birnin Kebbi yakan wuce digiri 40, hunturu kuma yana zuwa da ƙura da sanyi. Tsuntsu na bukatar inuwa, da ruwa mai tsabta kullum, da kejin da zai iya buɗe fukafukansa a ciki. Gero kaɗai ba ya isar aku, sai an haɗa masa da 'ya'yan itace da ganye. Yakan kuma rayu shekara 40 ko fiye, kaɗaici na sa shi fige gashin jikinsa. Wa zai gaje shi idan mai shi ya yi tafiya ko ya rasu?

Malamai sun halatta riƙon tsuntsu bisa labarin ƙanen Anas ɗan Malik, wanda yake da ɗan tsuntsun da yake wasa da shi, amma sun gindaya sharaɗin ci da sha, suna tunatarwa da matar da aka azabtar saboda kyanwar da ta tsare har ta mutu. A ganina nan ne tarihi da addini suka haɗu. Tsuntsun da ke sama yana neman abincinsa da kansa, wanda ke keji kuwa amana ce a wuyan mai keji. Wanda ba zai iya sauke ta ba, ya wadatu da kallon shamuwa, domin da muguwar rawa gwamma ƙin tashi.