Tsingaro da Jan Bulo: Yadda ake zaɓen gasasshen yumɓu don dashen itatuwa a tukunya

A unguwanni irin su Malali, Unguwar Rimi, Badarawa da Unguwar Dosa, gidaje da dama an shafe tsakar gidansu da siminti, wasu kuma na haya ne da ba a yarda a haƙa rami a cikinsu ba. Wannan ya sa masu son inuwa da 'ya'yan itace ke dasa lemun tsami, gwaiba, rumman ko zogale a tukwane da rabin duro. Sai dai da yawa daga cikin waɗannan dashe ba sa tsallake damina ta biyu, kuma galibi rashin iska a saiwa ne ke kashe su.

Me ya sa ƙasar lambu ba ta isa ba

Kaduna na samun ruwan sama kimanin milimita 1,200 a shekara, mafi yawansa tsakanin Yuli da Satumba. Ƙasar da aka ɗebo aka cika tukunya da ita takan danƙare bayan 'yan watanni, ruwa ya kwanta a ciki, saiwa ta rasa iska ta ruɓe. Da hunturu ya kama, ƙasar nan sai ta bushe ta ja jiki, ruwan ban ruwa ya riƙa bi ta gefen tukunya yana zurarewa. Gasasshen yumɓu na magance matsalolin biyu. Ƙwayoyinsa ba sa narkewa, don haka suna barin kafofin iska a tsakaninsu, kuma kowace ƙwaya tana da ƙananan ramuka da ke riƙe danshi. Amma ba abinci ba ne ga itace; taki ne ke wannan aikin.

Ire-irensa

Idan zafin wuta ya kai wajen digiri 600, yumɓu yana rasa ruwan da ke cikin ƙirarsa, ba ya sake komawa laka. Daga nan, gwargwadon ƙaruwar zafi, gwargwadon ƙaruwar tauri da raguwar shan ruwa.

Tsingaro, wato fasassun randa, tulu da tukunyar ƙasa, shi ne mafi sauƙin samu. Ana gasa tukwanen gargajiya a buɗaɗɗiyar wuta mai matsakaicin zafi, shi ya sa tsingaro ke shan ruwa sosai, sai dai yana saurin marmashewa.

Jan bulo ana gasa shi a zafin da ya kusa digiri 1,000. Ya fi tsingaro ƙarko, yana kuma riƙe danshi daidai gwargwado. Ga itacen da zai yi shekaru a tukunya guda, shi ne zaɓin farko.

Akwai kuma kumburarren yumɓu mai kama da ƙwallayen wasa, wanda ake kira LECA. Ana gasa shi a wajen digiri 1,200 har ya kumbura. Asalinsa kayan gini ne, daga fasahar da Stephen Hayde ya yi wa rajista a Amurka a 1918. Ba shi da nauyi, ya dace da tukwanen da ke saman bene, amma manyan ƙwayoyinsa ba sa riƙe ruwan da zai ishi itace a zafin Maris da Afrilu.

Masu renon ƙananan itatuwan ado a Japan kuwa suna amfani da jar ƙasa mai suna akadama. Tana da tsada, tana kuma farfashewa bayan 'yan shekaru. Mai dashen gwaiba a Kawo ba ya buƙatarta.

Abin da za a guje wa

Fasasshen tayil, kofin tangaran da kayan ado masu shafe mai sheƙi, irin na masana'antar tukwane ta Maraban Jos a hanyar Zariya, an gasa su ne don kada su sha ruwa, saboda haka a cikin tukunya tamkar tsakuwa suke. Bulon siminti da jan bulon da filasta ta manne wa suna ƙara wa ƙasa alkali, abin da ke hana saiwa zuƙar sinadarin ƙarfe. Alamarsa ita ce sabbin ganyen lemo su yi rawaya, jijiyoyinsu kuma su zauna kore. Haka nan a ƙyale tukunyar da aka daɗe ana zuba gishiri, kanwa ko mai a cikinta.

Gwaji uku kafin a haɗa

Na farko, a jiƙa ɗan kaɗan a bokiti ya kwana. Mai kyau zai fitar da ƙananan kumfa da farko, washegari kuma ya ƙi murƙushewa tsakanin yatsu. Wanda ya koma laka bai gasu ba.

Na biyu, a ɗiga ruwa a busasshen gutsure. Idan ya shanye nan take, zai yi aiki. Idan ɗigon ya tsaya a kai, ya gasu fiye da kima.

Na uku, girman ƙwaya. A farfasa da guduma, a tankaɗe, a riƙe masu girman milimita 3 zuwa 6, wato tsakanin ƙwayar dawa da ta wake. Garin da ya faɗo daga rariya a zubar, domin shi ne ke toshe kafofin iska. A yayyafa ruwa yayin fasawa don kada a shaƙi ƙurar, sannan a wanke har ruwan ya fito garau.

Yadda ake haɗawa

Ga itacen 'ya'ya, ma'auni mai sauƙi shi ne mudu ɗaya na gasasshen yumɓu, ɗaya na ruɓaɓɓen taki, ɗaya na ƙasar sama mai laushi. Tukunyar da ruwan sama ke duka kai tsaye a ƙara mata yumɓu. Wadda ke shan rana kan siminti a ƙara mata taki.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne shimfiɗa tsingaro a gindin tukunya kaɗai. Ruwa ba ya sauka daga ƙasa mai laushi zuwa manyan ƙwayoyi sai ƙasar ta jiƙe sharkaf, don haka shimfiɗar tana matso da jiƙaƙƙen wurin kusa da saiwa ne. A cuɗa yumɓun da dukkan ƙasar, a ɗora gutsure ɗaya tak kan hujin tukunya.

Lokacin da ya fi dacewa da sauya ƙasa shi ne farkon damina, wajen Mayu zuwa Yuni. Bayan shekara biyu ko uku a zare itacen a duba. Idan ƙwayoyin sun zama gari, a sabunta su. Idan suna nan da ƙarfinsu, a wanke a sake amfani da su.