Tushen Cikas ga Ƙirƙira a Jami'o'inmu

Sau da yawa akan zargi ɗaliban da aka haifa tsakanin 1981 da 1996 da cewa neman takardar shaida kurum ya kai su jami'a, ba su ƙago kome ba. To amma ruwa ba ya tsami banza. Kafin mu yanke hukunci, ya kamata mu dubi irin jami'ar da suka tarar.

A cikin 1986 gwamnatin Janar Babangida ta kawo shirin gyaran tattalin arziki na SAP, darajar naira ta faɗi. Littattafai da mujallun ilmi da kayan ɗakin gwaji, waɗanda galibi daga waje ake sayo su, suka gagari jami'o'i. Albashi ya daina biyan bukata, ƙwararrun malamai da dama suka tafi Amurka da Ingila da Saudiyya. Da ƙungiyar malamai ta ASUU ta yi yajin aiki a 1988, sai aka haramta ta. Gwagwarmayarta ta 1992 ce ta haifar da asusun harajin ilmi a 1993, wanda ya zama TETFund a 2011.

Ke nan sa'ad da wannan tsara ta fara shiga jami'a wajen 1999, ɓarnar ta riga ta yi nisa. Ɗalibin kimiyya yakan haddace gwajin da bai taɓa yi da hannunsa ba. Ga ɗaukewar lantarki, ga cunkoso a aji. Rashin cika yarjejeniyar 2009 kuma ya jawo yajin wata biyar da 'yan kai a 2013, da na wata tara a 2020. Bincike kuwa ba ya jure yankewa. Shukar gwaji ba ta jiran a sasanta.

Duk da haka basira ba ta ƙare ba. Shola Akinlade da Ezra Olubi, 'yan wannan tsara, sun kafa kamfanin Paystack a 2015, kamfanin Stripe ya saye shi a 2020 kan kuɗi fiye da dala miliyan 200. Abin lura shi ne a Babcock suka yi karatu, jami'a mai zaman kanta wadda yajin ASUU ba ya rufe ta.

Saboda haka, 'yan'uwa ɗalibai da malamai, ƙirƙira tana bukatar malami mai kwanciyar hankali, da kayan aiki, da zangon karatu marar yankewa. Muddin ba a samar da waɗannan uku ba, na baya ma zargin nan zai hau kansu. Allah ya sa mu gyara.