Leopold Eidlitz: Bayahuden Prague da ya tsara coci-coci da majalisar dokokin jihar Niyok

Leopold Eidlitz, wanda aka haifa a 1823 ya mutu a 1908, mai tsara gine-gine ne da masu tarihi suka fi ambata a matsayin Bayahude na farko da ya yi suna a wannan sana'a a Amurka. Ya shiga ƙasar yana ɗan shekara 20, baƙo kuma marar gata, ya ƙare yana cikin waɗanda gwamnati ke damƙa wa manyan ayyukanta. Aƙidarsa guda ce tun daga farko har ƙarshe: kada gini ya yi wa mai kallonsa ƙarya. Abin da ido ya gani kamar dutse, ya zama dutse ne, ginshiƙin da aka tsayar kuma ya zama da gaske yana ɗauke da nauyi. Wannan aƙida ce ta ɗaukaka shi, a kanta kuma ya gamu da babban abin kunyar rayuwarsa.

Asali da hijira

An haife shi a birnin Prague, hedikwatar Jamhuriyar Cek ta yau, lokacin da yankin Bohemiya ke ƙarƙashin daular Ostiriya. Zaman Yahudawa a can ba mai daɗi ba ne. Tun 1726 akwai doka da ta ƙayyade yawan iyalan Yahudawa a yankin, ta yadda galibi ɗa ɗaya ne a gida, wato na fari, ke samun izinin yin aure. Ya yi karatu a Vienna, sannan ya ƙetare teku zuwa Niyok a 1843.

Sa'arsa ta farko ita ce samun aiki a ofishin Richard Upjohn, haifaffen Ingila da ke gina cocin Trinity a bakin titin Wall Street. A nan ya ga yadda ake mu'amala da masu kuɗin birnin da limaman cocinsu. A 1845 ya auri Harriet Warner, 'yar wani mai tsara gine-gine, wadda ba Bayahudiya ba ce, kuma 'ya'yansu sun tashi a Kiristance.

Coci, fadar ɗan wasa da majami'a

Aikin da ya fito da shi shi ne cocin St. George da ke dandalin Stuyvesant, wanda aka soma a 1846. Ya yi shi ne tare da wani Bajamushe mai suna Otto Blesch: Blesch ya tsara waje, Eidlitz ya tsara ciki. Limamin cocin, Stephen Tyng, mutum ne da ya ɗauki wa'azi da muhimmanci fiye da bukukuwan ibada, don haka ya nemi zaure guda mai faɗi inda kowa zai ga mai wa'azi ya kuma ji shi. Eidlitz ya ba shi abin da ya nema, ba tare da jerin ginshiƙai sun tare wa masu sauraro gani ba. Gobara ta cinye cikin ginin a 1865, aka sake kiransa ya maido shi. Cocin na nan har yau.

A tsakanin haka ya yi wani aiki da bai yi kama da halinsa ba ko kaɗan. P. T. Barnum, shahararren mai shirya wasannin ban mamaki, ya so gidan da zai zama talla a gare shi, sai aka gina masa wata fada mai ƙubbobi da hasumiyoyi a garin Bridgeport a 1848, aka sa mata suna Iranistan. An kwaikwayo ta ne daga wata fadar sarauta da ke Brighton a Ingila. Ba ta kai shekara goma ba wuta ta lashe ta a 1857.

Irin wannan salo ya sake ɓullowa, amma da nauyi da natsuwa, a majami'ar Emanu-El da ya tsara tare da Henry Fernbach, aka buɗe ta a 1868 a kan titin Fifth Avenue. Wanda ya kalli hotunanta zai ga bakuna da zane-zanen bango irin na Andalus. Ba haɗari ba ne. A wancan ƙarni Yahudawan Turai sun rungumi salon ginin Musulmin Sifen a wuraren ibadarsu, kamar yadda aka yi a Leipzig da Budapest da Berlin, domin suna tuna zamanin da kakanninsu suka bunƙasa a ƙarƙashin mulkin Musulmi, kuma suna son ginin da ba za a ɗauka coci ba ne. An rushe majami'ar a 1927, bayan unguwar ta koma ta kasuwanci kuma filin ya fi ginin daraja.

A 1857 yana cikin mutum 13 da suka kafa ƙungiyar masu tsara gine-gine ta Amurka, wadda Upjohn ya zama shugabanta na farko. Ya kuma tsara bankuna, da zauren kiɗa na Brooklyn da aka buɗe a 1861 ya ƙone a 1903, da babban cocin Christ Church na birnin St. Louis.

Kotun da aka ci kuɗinta

A 1876 aka ɗora masa ayyuka biyu na gwamnati, dukkansu wasu ne suka fara su. Na farko shi ne ginin kotun gundumar Niyok, wanda har yau ake kira da sunan William Tweed, uban gidan 'yan siyasar birnin. An amince da dala 250,000 domin aikin a 1858, amma kafin a gama ya lashe sama da dala miliyan 11, saboda 'yan kwangila suna kumbura takardun biya su raba rarar da mutanen Tweed. Asiri ya tonu a 1871, shekarar da mai tsara ginin na farko, John Kellum, ya mutu, aiki ya tsaya. Tweed kansa a kurkuku ya cika a 1878.

Kellum ya yi amfani da ƙarfen zubi da aka shafa wa fenti da filasta domin su yi kama da dutse. Eidlitz ya ƙi bin wannan hanya. A sashen da ya ƙara, da saman babban zauren tsakiya, ya sa gasasshen tubali mai launi-launi da dutse na gaske, ya bar su a fili ba shafe. An zarge shi da haɗa gini biyu da ba sa ga maciji a ƙarƙashin rufi ɗaya, kuma zargin yana da ƙanshin gaskiya, domin mai shiga yana iya nuna daidai inda hannun Kellum ya tsaya na Eidlitz ya soma. An kammala a 1881. Yanzu ma'aikatar ilimi ta birnin ce ke zaune a ciki.

Rufin majalisa

Aiki na biyu ya fi girma, shi ne ginin majalisar dokokin jihar Niyok a Albany. An soma shi a 1867 a hannun Thomas Fuller, wanda ya tsara majalisar Kanada a Ottawa. Da kuɗi suka yi ta tafiya gini bai tashi ba, sai aka kafa kwamitin ba da shawara na mutum uku: Eidlitz, da H. H. Richardson, da Frederick Law Olmsted. Kwamitin ya soki tsarin Fuller, aka sallame shi, aka kuma miƙa aikin ga masu sukar. Abokan sana'arsu da yawa sun ga rashin dacewar haka, suka yi ta ƙorafi a fili.

Richardson ya ɗauki zauren dattawa, Eidlitz ya ɗauki na wakilai. A nan ya yi niyyar nuna iyakar abin da ya yi imani da shi. Ya rufe zauren da zallar dutse, bakuna suna gittawa suna haɗuwa a sama, kamar ɗaurin guga a soron sarauta, sai dai kowane baka na sassaƙaƙƙen dutse ne, kuma ƙololuwarsa ta kai ƙafa 56 daga ƙasa. Manyan ginshiƙai huɗu ne ke ɗauke da nauyin. Mai zane William Morris Hunt ya zana manyan hotuna biyu a saman bangon, aka buɗe zauren a farkon 1879 cikin yabo.

Ba a daɗe ba duwatsu suka fara tsagewa. Harsashin da aka gada daga aikin farko yana zaune ne a kan ƙasa mai laka, kuma ba a yi shi domin ɗaukar irin wannan nauyi ba. Da ya soma nitsewa, wani gefe ya fi wani, sai bakunan suka motsa. Eidlitz ya dage cewa rufin lafiyarsa ƙalau, aka yi gyare-gyare, amma ɓaraguzai suka ci gaba da faɗowa a inda 'yan majalisa ke zama. Za a iya cewa laifin na harsashi ne, sai dai wanda ya ɗora tulin dutse a kan harsashin da bai gina ba shi ma yana da alhaki. A 1883 Gwamna Grover Cleveland ya karɓe aikin daga hannunsu ya ba Isaac Perry, a 1888 kuma aka fara sauke rufin gaba ɗaya.

Abin da ya maye gurbinsa shimfiɗaɗɗen silin ne da aka biya kuɗinsa a matsayin na sassaƙaƙƙen katako. Daga baya aka gano cewa ɗan kwangilar ya cike wani sashe da dakakkiyar takarda da aka kwaɓa aka yi wa fenti, irin algus ɗin da Eidlitz ya ƙare rayuwarsa yana yaƙa. Hotunan Hunt suka maƙale a duhu tsakanin sabon silin da jinka, inda laima ta yi ta cin su. Matakalai biyu na dutse da Eidlitz ya tsara a ginin suna nan ana hawansu. Sai a 1899 Gwamna Theodore Roosevelt ya ayyana an gama ginin, bayan an kashe kimanin dala miliyan 25.

Ƙarshen rayuwa da zuriya

A 1881 ya wallafa littafi mai kauri kan ma'anar fasaha da aikin gini, inda ya bayyana cewa siffar gini ta kamata ta fito daga aikin da zai yi da kayan da aka yi shi da su, kamar yadda siffar jiki ke bin ƙashi da jijiya. Littafin yana da wuyar karatu, kuma masu kuɗin lokacin sun riga sun karkata ga salon Faransa mai yawan ado, don haka manyan ayyuka suka daina zuwa masa. Masu tarihi na ganin ra'ayin nasa ya riga zamaninsa, domin kusan shi ne wanda Louis Sullivan da Frank Lloyd Wright suka yi suna da shi daga baya.

Sana'ar ta zauna a gidan. Ƙanensa Marc ya kafa kamfanin gine-gine da ya zama ɗaya daga cikin manya a Niyok. Ɗansa Cyrus ya tsara tashar jirgin ƙasa ta Dearborn a Chicago, da kuma dogon benen jaridar New York Times, wanda saboda shi aka raɗa wa dandalin Times Square sunansa a 1904. Leopold Eidlitz ya mutu a Niyok a watan Maris na 1908.