Motar da Ta Sa Ferrari Ta Gyara Hali

A shekarun 1970 da 1980, duk attajirin da ya sayi motar gudu ta alfarma daga Italiya ya san abu biyu ya kai gida, gudu da wahala. Kuma ba ya ƙorafi. Masu rubutu a mujallun motoci na wancan zamani sun mai da wahalar abin ado, suna cewa ai halin motar ke nan, wanda ba zai iya ba ya je ya sayi ta 'yan kasuwa.

Ɗauki Lamborghini Countach, wadda aka fara sayarwa a 1974, wadda hotonta ya cika bangon ɗakunan samari a Turai da Amurka. Gilashinta na baya ɗan tsito ne, ba ka ganin komai ta cikinsa. In za a yi ribas, sai direba ya ɗaga ƙofar sama, ya fito da rabin jikinsa ya zauna a dokin ƙofa, ƙafa na kan kuloci, hannu ɗaya na kan sitiyari, yana waiwaye ta saman motar. Kulocin kuma tauri gare shi, in ka shiga cunkoso ƙafar hagu sai ta yi tsami. Ciki zafi, ga tagar ba ta sauka sai kaɗan. Yayarta Miura, ta 1966, tankin manta a gaba yake, saboda haka in mai ya yi ƙasa ana cikin gudu sai gaban ya yi sakayau yana neman tashi. Abin dariyar shi ne labarin da ake bayarwa na kafuwar kamfanin a 1963: wai Ferruccio Lamborghini, mai ƙera tarakta, kulocin Ferrarinsa ne ya dame shi da lalacewa, ya kai kuka wurin Enzo Ferrari, mai kamfanin Ferrari, aka wulaƙanta shi, shi ne ya yi zuciya ya kafa nasa.

Irin waɗannan motoci tamkar dokin hawan sallah suke: a ciyar da shi shekara guda, a hau shi kwana kaɗan, sauran zirga-zirga a nemi wani abin hawan. Porsche 911 ta Jamus ce kawai ake iya zuwa ofis da ita kullum, ita ma injinta na can ƙarshen baya, in ka saki totur a tsakiyar kwana sai bayan ya juyo gaba.

Sai ga Honda. E, Hondar nan dai da muka sani, mai Accord da Civic da suka cika titunan Kano da Kaduna. A lokacin injinta ne ke cin gasar Formula 1 a motocin Williams, daga baya McLaren, amma ba ta da motar da za ta nuna a titi ta ce ga abin da na iya. Aka ɗora wa injiniya Shigeru Uehara da jama'arsa aikin su ƙera wadda za ta kamo Ferrari 328 a gudu, amma ta tashi da safe kamar kowace Honda. Aka nuna ta a baje kolin motoci na Chicago a watan Fabrairun 1989, aka fara sayar da ita a 1990 da sunan NSX. A Amurka tambarin Acura aka liƙa mata.

Injinta mai silinda shida ne, lita uku, ƙarfin doki 270, yana bayan kujerun direba. Wannan ba wani abin a zo a gani ba ne ko a lokacin. Abin lura yana wasu wuraren. Bodinta gaba ɗaya na alminiyom ne, karo na farko a motar da ake ƙerawa da yawa don sayarwa, abin da ya rage mata nauyin kusan kilo 200. An tsara mazaunin direba ne da koyi da jirgin yaƙi na F-16, don mutum ya ga gaba da gefe da baya ba tare da ya leƙo waje ba. Kuloci mai laushi, giya na shiga ba gardama, na'urar sanyaya ciki na aiki, ga but da ke ɗaukar jakar 'yan wasan golf biyu. A wata masana'anta ta musamman a Tochigi aka riƙa haɗa ta, inda aka zaɓo ƙwararrun ma'aikata kimanin 200.

Ayrton Senna, ɗan Brazil, zakaran duniya na Formula 1 a 1988, ya gwada samfurinta a filin tsere na Suzuka a farkon 1989. Bai yi wa Honda kara ba, ya ce jikin motar bai yi ƙwari yadda ya kamata ba. Injiniyoyin suka kwashe ta zuwa filin Nürburgring a Jamus, suka yi watanni suna gwaji, har suka ƙara mata ƙwari da kusan kashi 50 cikin ɗari.

A daidai lokacin Ferrari ta fitar da 348, shekara guda bayan rasuwar Enzo a 1988. Ita wannan, in lokacin canza bel ɗin injin ya yi, sai an sauke injin ɗungurungum daga ƙarƙashin motar. Na taɓa nuna wa bakanikena hoton wannan aikin a waya: mota a sama, injin da giya da ƙafafun baya a ƙasa kan tebur. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Malam, duk don bel ɗaya? To kuɗin aikin nawa ne?" Tambayar da masu Ferrari suka fara yi ke nan bayan sun ga maƙwabci na kai NSX ɗinsa gareji a yi masa juye ya dawo kafin azahar, ga shi kuma ya saye ta a kan dala dubu 60 da 'yan kai, ƙasa da kuɗin 348 nesa ba kusa ba.

In ka ga ƙi gudu, sa gudu ne bai zo ba. Luca di Montezemolo ya karɓi shugabancin Ferrari a 1991, kuma daga baya bai ɓoye ba cewa 348 ba ta gamsar da shi ba. A 1994 aka fitar da F355, wadda ta fi ta daɗin tuƙi ƙwarai, ko da yake ita ma sai an sauke injin. Sai a 360 Modena ta 1999 aka yi bodin alminiyom, aka kuma buɗe wata ƙofa a bayan kujeru da bakanike zai kai ga bel ɗin. Lamborghini kuwa Audi ce ta saye ta a 1998, ta fitar da Gallardo a 2003. Shaidar da ta fi burge ni ita ce ta Gordon Murray, wanda ya zana motar titi ta McLaren F1. Ya mallaki NSX, ya yi tafiyar kilomita wajen dubu 75 da ita, ya kuma ce ita ce ma'aunin da ya bi wajen laushin tafiyar motarsa. Har injin ya nema wurin Honda, suka ƙi, ya koma wurin BMW.

Ba wai NSX ba ta da aibi ba. Na farkon suna cin tayar baya da sauri, har masu su a Amurka suka kai ƙara kotu, kamfanin ya sauya saitin ƙafafun. Su ma sauran ba su rabu da matsala ba: a 2010 Ferrari ta janye 458 Italia saboda wani gam da ke kama wuta kusa da salansa, a 2014 Porsche ta canza injin dukkan sababbin 911 GT3 guda 785 bayan biyu sun ƙone. Bambancin shi ne yanzu kamfani ke biya yana ba da haƙuri, ba a ce wa mai mota ai halinta ne.

A kasuwa dai Honda ba ta ci riba ba. Kimanin 18,000 ta sayar cikin shekara 15 kafin ta daina ƙera ta a 2005, alhali Gallardo ta haura 14,000 cikin shekara goma, a farashi mafi tsada. Mai kuɗin da zai sayi irin wannan mota tambari yake saye, kuma da wuya ya so tambari ɗaya da motar direbansa. Amma a ganina Honda ce ta yi gaskiya, 'yan Italiya suka ci moriyar gaskiyar. Tun daga 2011, duk wanda ya sayi sabuwar Ferrari kamfanin ne ke ɗaukar nauyin sabis ɗinta na shekara bakwai.