Nazarin Laifuka a Kaduna: Kashi 30 da Aka Bar wa Jami'o'i

A Disamban 2022 Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa ta ƙaddamar da sabuwar manhaja. Ta tsara kashi 70 cikin ɗari na abin da za a koyar, ta bar wa kowace jami'a kashi 30 ta cike gwargwadon buƙatar yankinta. A fannin nazarin laifuka, ra'ayina shi ne kada a sake cusa wa wannan gurbi ƙarin littattafai. A fitar da ɗalibi fili.

Ɗalibinmu yakan haddace ra'in Shaw da McKay na 1942 kan kangararrun yaran Shikago, ya zuba shi a jarrabawa babu tuntuɓe. Abin da ba a cika nuna masa ba shi ne yadda suka kai ga ra'in: takardun kotun yara suka tattara, suka bi adireshi ɗaya bayan ɗaya, suka ɗora a taswirar birnin. Mun ɗauki sakamakon, mun bar hanyar. Ra'in nasu zai iya haska wani abu game da sara-suka da ƙwacen waya a unguwannin da cunkoso ya yi wa yawa. Amma ba zai bayyana sace ɗaliban Kwalejin Gandun Daji ta Afaka a Maris 2021 ba, balle harin jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna na 28 ga Maris 2022. Waɗannan laifuka ne masu sansani a daji da masu kai rahoto a gari, ga kuma cinikin kuɗin fansa. Bayaninsu sai an samo shi a nan.

Kayan aikin kuwa ba nisa. Tsakanin Jami'ar Jihar Kaduna da ke titin Tafawa Ɓalewa da gidan gyaran hali na titin Independence 'yar tafiya ce, ga Kwalejin 'Yan Sanda, ga kotuna. A ba ɗalibi fayil guda ya bi shi tsawon zango, daga caji ofis zuwa kotun majistare, yana rubuta kowace ɗage zama da dalilinta: yau mai gabatar da ƙara bai zo ba, gobe babu motar kawo wanda ake tuhuma, jibi ana jiran shawarar Ma'aikatar Shari'a. Da kansa zai gane me ya sa masu jiran shari'a suka fi waɗanda aka yanke wa hukunci yawa, duk da dokar tafiyar da shari'ar laifuka da jihar ta yi a 2017.

Za a ce fayil sirri ne. Gaskiya ne, amma ɗalibin likitanci ma yana ganin majinyaci bisa ƙa'ida. Yarjejeniya a rubuce da goge sunaye sun wadatar.

Inda gizo ke saƙar shi ne malamai. Wanda aka jibga wa kundaye fiye da ƙarfinsa ba zai bi kowa kotu ba, zai karɓi takardun tambayoyin da aka cike a ɗakin kwana. Saboda haka a daidaita yawan ɗaliban da ake ɗauka da yawan masu duba aikinsu, ko da kuɗin shiga zai ragu.