Aman wuta

aman wutā (sn., nm., ba jm.; daga *amai* + *wutā*).

1. Fitar narkakken dutse da toka da hayaƙi daga cikin ƙasa, wanda a ƙaulin malaman ilmin ƙasa yakan auku ne idan zafi ya narkar da duwatsun ƙarƙashin ƙasa, iskar da ke tsare cikinsu ta matsa, har ta sami tsaga ta ɓalle. Mis.: *Dutsen Kamaru, da ke dab da teku kusa da Buea, mai tsawo fiye da mita 4,000, ya yi ~ a 1909, har hukumar Jamusawa da ke Buea ta ƙaura zuwa Duwala na ɗan lokaci; ya sake a 1922, 1959, 1982, 1999 da 2000.*

2. Harbi ba ƙaƙƙautawa. Mis.: *Bindigogi suka kwana suna ~.*

3. (majazi) Faɗa cikin tsananin fushi. Mis.: *Maigida ya shigo yana ~.*

dūtsḕ mài ~ (sn., nm.; jm. duwā̀tsū mā̀su ~): tudun da amansa ya gina, baƙin dutse bisa baƙin dutse, tokarsa na ƙara wa gona albarka, shi ya sa manoma ba sa gudun gindinsa.

Dub. *amayar* (fi'ili), *girgizar ƙasa*.