Wa ke faɗa wa yaro abin da uba ba ya iya faɗa?

A wannan lamba za mu waiwayi yadda kakanninmu suke shirya yaro shiga girma.

Mu Hausawa ba mu kai samari daji su yi watanni kamar wasu ƙabilu. Karatun namu daki-daki ne, kowane daki da mai shi. Yaro ya kai shekara 7 ko 8, lokacin ɗari, bayan an kai hatsi rumbu, sai wanzami ya yi musu kaciya shi da tsaransa. A ajiye su ɗaki guda, a ciyar da su da kyau har su warke. Daga nan ya fara janyewa daga ɗakin uwa. Balaga ta zo, malam ya biya masa hukuncin tsarki da wankan janaba cikin Ahalari da Ishmawi.

Yarinya kuwa kunya ta hana uwa buɗe mata baki, balle ƴar fari. Kaka, abokiyar wasa, ita ke gaya mata zancen jinin wata. Kwanakin lalle, tsohuwar da ke wankan amarya ta yi mata bayanin ɗakin miji. Cikin fari ta koma gida goyon ciki, ungozoma ta karɓi haihuwa, a yi wankan jego kwana 40. Shayarwa wajen shekara 2, kuma kwanika abin gori ne. Tazarar haihuwa ke nan, tun ba a san ƙwayar likita ba.

Amma tsarin yana da rami. Sau da yawa bayanin yana zuwa ne bayan an ɗaura wa yarinya aure, ƙugunta bai yi ƙwari ba. Doguwar naƙuda da yankan gishiri sun bar mata da yawa da yoyon fitsari. Gwamnati ta halatta maganin tazarar haihuwa a 1988, dokar 2003 ta hana kaciyar mata, a 2012 aka buɗe asibitin masu yoyon fitsari a Danja, kusa da Maraɗi.

Doka da asibiti sun gyara hannu, ba su maye baki ba. Yanzu a birni jariri ake yi wa kaciya, babu zaman ɗaki. Ɗiyan ƴan ci-rani suna tashi a Yamai ko Abijan, kaka tana ƙauye. A lakwal muna zana jikin mutum da faransanci, yara su kwafe a kaye, su tafi da tambayarsu a ciki. Wayar hannu ce ke amsa musu.

Don haka muna roƙon taronmu na bana ya duba wannan magana. Kowane gida ya san gwaggo ko kawun da aka ɗora wa wannan aiki, su zauna da ungozomar likita su ji abin da za a riƙe da abin da za a bari. A yi wa yarinya bayani kafin jinin farko, ba daren lalle ba.

Allah ya raya mana zuri'a, amin.